Abin da na koya a fadamar baƙin ash

Mako mai zuwa zan miƙa makullin ɗakin gwaji in bar arewacin jihar Minnesota ta Amurka, amma abin da ogan tawagarmu ya yi mini a kan ƙidayar itatuwa bai bar raina ba.

A gaban kowa ya ce na cakuɗa baƙin ash da koren ash, wai ina ɗan Sahel ya san itacen fadama. Ya soke aikin, ya sa aka sake. Alhali bambancin a fili yake. Baƙin ash, wanda masana ke kira Fraxinus nigra, ƙananan ganyensa 7 zuwa 11 manne suke da kara, na koren kuwa kowanne da ɗan guntun wuyansa. Ka goga tafin hannu a ɓawonsa, sai ya ɓarɓashe maka a hannu. Yana jinkirin fitar da ganye, ya kuma riga yawancin itatuwa zubarwa. Da aka sake ƙirgawa, lissafina ya fito daidai. Oga bai ce uffan ba, kuma da rahoto ya fito, sunana na can ƙasa wurin godiya.

Itacen ne ya sa na daure. Tun 2002 da aka gano wani koren ƙwaro na Asiya mai suna emerald ash borer a kusa da Detroit, tsutsarsa ke cin cikin ɓawo tana yanke wa itacen hanyar ruwa da abinci, har a 2017 aka sa baƙin ash cikin itatuwan da ke dab da ƙarewa. Shi ne ke zuƙe ruwan fadamar. In ya mutu sai ruwa ya hau, kachala ta mamaye, irin yadda ta shaƙe fadamun Hadeja da Nguru. 'Yan ƙabilar Ojibwe kuma, 'yan asalin yankin, da shi suke saƙa kwando: a yi ta dukan gungumen har zoben kowace shekara ya rabu da ɗan'uwansa, a ɓare shi sala-sala. Rashinsa zai taɓa su fiye da duk wani mai rubuta rahoto.

Wanda zai gaje ni, ka ɗauki hoton ganyen kowane itace da kwanan wata. A rubuta inda sunanka zai fito tun kafin ka shiga laka. Kada ka ɗauki itacen girki daga wani daji zuwa wani, ta nan ƙwaron ke yaɗuwa.