Don Allah ku riƙa rubuta dalili a komit ɗinku

Abin da ke ɓata min rai a aikin haɗaka na rubuta manhaja shi ne ka buɗe tarihin Git, manhajar da ke adana duk canjin da aka yi wa kod (kowane canji da aka adana shi ake kira komit), ka tarar da saƙonni irin su "gyara", "gyara kuma", "na ƙarshe", can gaba ga "na ƙarshe na gaske". To malam me ka gyara, kuma don me? Layin da ka taɓa ai kod ɗin zai nuna min da kansa, amma dalilin taɓa shi a kanka kawai yake, kuma bayan wata shida wallahi kai ma ba za ka tuna ba.

Ku duba yadda masu Linux, babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta, ke yi. Saboda aikin nan Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005, kuma har yau ta imel suke tura yawancin gyare-gyarensu, dubban mutane da akasarinsu ba su taɓa ganin juna ba. Ƙa'idarsu faci ɗaya (wato gyaran da ka tura) aiki ɗaya. In ka gyara matsala sai ka ga wani suna bai yi maka ba ka canza shi, faci biyu ke nan, kar ka cakuɗa. Ba iyayi ba ne fa, ranar da abu ya lalace git bisect ake sa wa, ya yi ta raba tarihin gida biyu har ya cafko komit ɗin da ya jawo, to in naka ya taɓa fayil 40 da ayyuka biyar a lokaci guda an cafko shi ɗin amma aiki na nan danƙam.

Saƙon kuwa gajeren layi a sama, ka tsallake layi ɗaya, sannan bayani, mece ce matsalar, wa take shafa, me ya sa ka bi ta nan. In tsohon komit ne ya jawo ta suna sa layin Fixes: da lambarsa. A ƙasa kuma akwai Signed-off-by, tun 2004 suke sa shi, sunanka da imel ɗinka, shaida ce cewa kana da ikon ba da kod ɗin.

Mu da muke mu huɗu ko biyar a kan manhaja ɗaya ban ce sai mun kwashe duka ba, sa hannun nan ma za a iya bari. Amma duk wanda ya turo min gyara ba bayani, ko abokina ne, mayar masa nake ya rubuto kafin in duba.