Bidzar da Kwazazzabon Kola

Duk baƙon da ya zo arewacin Kamaru, gandun dajin Waza ko duwatsun Rumsiki ake nuna masa, alhali a kan hanyar Garwa zuwa Marwa akwai wuraren da motoci suke wucewa kullum ba tare da direba ya ko rage gudu ba. A wannan rani na tsaya a Bidzar, gaba kaɗan da Figil, inda mutanen dā suka sassaƙa zane a jikin shimfiɗaɗɗen dutsen marmara. Yawancin zanen da'irori ne, wata a cikin wata, wasu kuma a manne da juna, kuma sai mutum ya durƙusa ya share ƙura da tafin hannu kafin ya gan su sosai. Tun shekarar 2006 Kamaru ta sa wurin cikin jerin waɗanda take neman UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, amma irin wannan dutsen ne ake fasawa a yankin domin yin siminti, abin da a ganina ya isa ya tayar mana da hankali.

Daga nan na karkata zuwa garin Gidar, na gangara kwazazzabon Kola, inda kogin Mayo Luti ya rarake baƙin dutse, ya goge shi ya yi santsi kamar cikin turmi. A ƙasa akwai sanyi ko da tsakar rana, ga yashi mai laushi, ga lunguna da sai an karkace ake ratsa su. Da damina ruwa yakan cika shi, saboda haka mai niyyar zuwa ya bari sai rani, ya kuma nemi ɗan gari ya yi masa jagora.