Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har sabar makarantarmu ta tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdu lillahi. Ina sanar da iyayen yara da malamai, da duk wanda ya yi ta bugo waya yana tambaya, cewa sabar makarantarmu, wato kwamfutar da ke riƙe da rajistar ɗalibai, ta dawo aiki. Makin ɗalibi ko ɗaya bai salwanta ba, lissafin kuɗin makaranta ma yana nan yadda aka bar shi. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na zauna rubuta wannan, don in gode wa bayin Allah da suka ajiye harkokinsu suka tsaya a kan matsalar da ba tasu ba. Sun roƙe ni kada in kama sunansu, kuma ba zan kama ba. Amma aikin da suka yi sai na faɗe shi dalla-dalla, domin na san akwai makarantu da ƙananan asibitoci da shagunan magani masu irin na'urarmu, kuma su ma ranar sabuntawa tana nan tafe gare su.

Kwamfutar da ke riƙe da rajistar ɗalibanmu tana aiki ne da tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Ubuntu 20.04, wanda ya fito a watan Afrilun 2020. Kamfanin Canonical, mai yin Ubuntu, kan ba irin wannan fitowar kulawar shekara biyar, kuma wa'adin ya cika a watan Mayun 2025. Daga nan gyaran tsaro ya tsaya, sai ga wanda ya shiga tsarin Ubuntu Pro. Na'urar da ke ɗauke da sunayen 'ya'yan mutane da hotunansu da lambobin iyayensu kuwa amana ce, ba a barinta a haka. Sannan ba a tsallake mataki, daga 20.04 sai an bi ta 22.04 kafin a kai 24.04. Muka kwashe kwafin bayanai a faifan waje, muka zaɓi ranar da babu karatu, muka ba da umarnin do-release-upgrade. Saukar da kaya daga intanet ya ƙare lafiya lau. Ana tsakiyar girkawa aka ɗauke wuta, inbata ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru, ashe batiranta sun gaji ba su nuna alama ba. Ko da aka tayar da janareta, kwamfutar ta tsaya a baƙin allo tana cewa ta kasa hawa faifanta.

Da yawa sun ce mini ai abu mai sauƙi ne, tunda akwai kwafi a goge komai a sake ɗorawa. Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa. Sai dai manhajar da ke tattara maki da buga takardar sakamako wani ɗan bautar ƙasa ne ya gina mana ita shekarun baya, ya ɗaure ta da ƙananan manhajoji iri-iri waɗanda shi kaɗai ya san yadda ya jera su. Makin yana hannunmu, amma in an goge faifan, abin da zai karanta makin ya tafi, ga shi kuma ƙarshen zango ya ƙarato.

Godiyata ta farko ga Hajiya Injiniya ce, uwar ɗaya daga cikin ɗalibanmu, wadda aikinta ke nan kula da irin waɗannan na'urori. Tana jin labari ta zo da filashi a jakarta. Abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, kowa ya ɗauke hannunsa, ba za a buga komai ba sai mun ɗauki hoton faifan nan gaba ɗaya." Ta tayar da na'urar daga filashin, ta yi amfani da Clonezilla ta kwafe faifan yadda yake, da lafiyayyen da gurɓataccen. Aikin ya ci lokaci, ni kuwa hankalina yana kan agogo, amma daga baya na ga amfaninsa: duk gwajin da muka yi bayan nan mun yi shi ne da kwanciyar hankali, don in ya ɓaci akwai wurin komawa. Ita ce kuma ta gano dalilin ƙin tashin. An riga an ajiye sabon kanel 5.15, wato zuciyar tsarin, amma wuta ta tafi kafin a haɗa masa ɗan fayil ɗin farko da yake buƙata don ya gane faifai. Tsohon kanel 5.4 yana nan bai tafi ko'ina ba. Ta buɗe jerin zaɓin GRUB tun na'urar tana kunnuwa, ta zaɓi tsohon, sai ga wurin shigar da suna ya bayyana. Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya raya miki zuri'a.

A nan ne ainihin wahalar ta fara, kuma ina so masu irin aikina su fahimci abin da ya sa. A Ubuntu manhajoji ƙunshi-ƙunshi suke zuwa, kowane ƙunshi yana dogara da wasu, wani lokaci ma sai da takamaiman lambar fitowa. Akwai apt, mai lissafin wa ke buƙatar wa da kuma sauko da su. Akwai dpkg, mai girkawa, shi kuma aikinsa hawa biyu ne: ya fara kwance ƙunshin ya zuba fayilolinsa, daga baya ya dawo ya daidaita shi. To, namu ya zama kamar kayan amarya da aka sauke a tsakar gida ba a yi jere ba, wasu ma suna cikin mota, tsofaffin kayan ɗakin kuma ba a gama fitar da su ba. Da muka buga dpkg --audit, jerin ƙunshin da aka kwance ba a daidaita ba ya wuce tsawon allo. Mafi muni, shi kansa apt ya ƙi motsi, saboda an sabunta wani ɓangarensa an bar wani a tsohon.

Godiya ta biyu, wadda ban san yadda zan cika ta ba, ga wani malami ce da ke koyarwa a Zariya. Hajiya ce ta haɗa mu. Bai taɓa ganina ba, bai san makarantarmu ba, amma ya zauna da mu a waya bayan sallar isha'i har dare ya raba, muna ɗaukar hoton allo muna tura masa. Kafin ya ce a buga komai, sai da ya sa muka buɗe masa rajistar aikin da ke cikin /var/log/dist-upgrade, ya karanta ya ga daidai inda aikin ya yanke. Sannan ya tuna mana cewa duk abin da aka sauko da shi yana nan a ajiye a /var/cache/apt/archives. Wanda ya san tsadar data a yanzu ya san daɗin wannan labari. Daga wannan ma'ajiyar muka ɗauko sabon apt da libapt-pkg6.0 da abubuwan da suke nema, muka girka su da hannu da dpkg -i, apt ya farfaɗo. Muka bi da dpkg --configure -a, ya yi ta daidaita ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, har ya zo wani wuri ya cije.

Abin da Malam ya yi a wannan gaɓar shi ne ya fi tsaya mini a rai. A lokacin na riga na tara shawarwari daga intanet: wannan ya ce a share fayilolin makulli, wancan ya ce a tilasta da --force-all, wani ya ce a kwashe duk abin da ke cikin /var/lib/dpkg/info. Na karanta masa su. Ya ce makullin nan an sa shi ne don kada ayyuka biyu su taɓa rajista a lokaci guda, ba a cire shi sai an tabbatar babu aikin da ke gudana. Tilastawa kuma rufe bakin na'ura ne alhali tana faɗa maka inda ke mata ciwo. Ya ce mu buga apt --fix-broken install amma mu ƙara -s, wato gwaji kawai, ta nuna abin da za ta yi ba tare da ta yi ba. Da jerin ya fito, sai ga sabar yanar gizon Apache da wasu ƙunshin PHP, harshen da aka rubuta manhajar makarantar da shi, a cikin abubuwan da za a cire. Da mun amsa da e cikin gaggawa, da kuskuren ya ɓace daga allo, manhajar makarantar ma ta bi shi. Ina ganin wannan harafi ɗaya, wato -s, ya kamata a fara koya wa duk wanda aka damƙa wa saba, tun kafin a koya masa komai.

Da apt policy ya bi sawun ƙunshin da ya cije, sai ya ga ba daga rumbun Ubuntu ya fito ba, daga wani rumbun waje ne, irin waɗanda ake kira PPA. Lambar fitowarsa ta fi ta wanda ke cikin 22.04 girma, don haka apt yana kallonsa a matsayin sabo, ba zai sauke shi da kansa ba, alhali an gina shi ne a kan kayan 20.04 waɗanda ake kwashewa. Mai sabuntawa yana rufe irin waɗannan rumbuna kafin ya fara, amma abin da aka riga aka girka daga cikinsu yana nan zaune. Sai da muka umarci apt a fili ya koma fitowar 22.04 ta wannan ƙunshin da 'yan uwansa, sannan ƙullin ya warware, apt full-upgrade ya ƙarasa abin da ya rage, aka haɗa wa sabon kanel fayil ɗinsa, na'ura ta tashi da ƙafarta. Malam, na gode, na gode. Na tambaye ka abin da za mu bayar, ka ce mu sa ka a addu'a. Yara sun yi maka a taron safe, kuma za su ci gaba.

Ina kuma gode wa wancan ɗan bautar ƙasa da ya gina manhajar. Ya daɗe da komawa garinsu a kudu, yana da iyali da aikinsa, amma da muka same shi a waya bai ce ya manta ba. Ya tuna dalilin da ya sa ya ƙara rumbun wajen, don sarrafa hotunan ɗalibai ne, ya kuma gargaɗe mu cewa manhajar da ke mayar da sakamako PDF tana dogara da libssl1.1, wato ƙunshin tsohon OpenSSL, alhali 22.04 ya koma OpenSSL 3.0. Wannan gargaɗin ya rage mana yini guda na lalube. An so a maido da rumbun 20.04 don a samo tsohon, Hajiya ta ce a'a, gauraya rumbunan fitowa biyu shi ne hanyar komawa inda muka fito. Aka nemo manhajar PDF ɗin da aka gina domin 22.04 aka sa.

Sai ƙanena, tsohon ɗalibinmu da ke karatun kwamfuta a jami'a yanzu. Bayan komai ya daidaita, Apache ya ƙi tashi, don yana neman PHP 7.4 wanda babu shi, 22.04 da 8.1 ya zo. Ya kashe tsohon da a2dismod, ya kunna sabon da a2enmod. Shafin ya buɗe, amma wasu sassa suka fito fari fat, saboda an rubuta su da umarnin da aka cire tun daga PHP 8.0, irin su each da create_function. Yaron nan ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, yana gwada kowane aji da makin da muka sani don a tabbatar lissafi bai canza ba. Na koyar da shi riƙe linzamin kwamfuta yana ƙarami, yau ga shi ina zaune a gefensa yana yi mini bayani. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi haka.

Ba zan manta da Baba maigadi ba, wanda ya hana idonsa barci yana duba man janareta don kada a maimaita abin da ya faru, da maƙwabcinmu mai shagon walda da ya ara mana batiransa ba tare da an roƙe shi sau biyu ba. Malamai sun koma rubuta maki a takarda ba su yi ƙorafi ba. Shugaban makaranta bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya, abin da yake tambaya kawai shi ne me ake buƙata. Iyaye kun yi haƙuri da jinkiri. Uwargida ma ta yi haƙuri da kwanan ofis, tana aiko da abinci har da na baƙi.

Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa ganin wannan rubutu ba. Ubuntu a kan wani tsari mai suna Debian aka gina shi, aikin da Ian Murdock ya fara a 1993, kuma har yau masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke riƙe da shi. Su ne suka tsara dpkg ya riƙa rubuta halin da kowane ƙunshi yake ciki a fayil ɗin /var/lib/dpkg/status, har ana ajiye kwafinsa a /var/backups. Saboda wannan tsarin ne aikin da wuta ta yanke a tsakiya ya yiwu a ɗora daga inda ya tsaya. Mutanen da wataƙila ba su san ɗaukewar wuta irin tamu ba sun yi tanadin da ya cece mu, kuma ba su karɓi ko kwabo a hannunmu ba. Ina gode musu da zuciya ɗaya.

Ga iyaye: za a raba takardun sakamako a ranar da aka sanar tun farko, babu canji. Wanda ya ga wani abu da bai gane ba a takardar ɗansa ya zo ofis, akwai kwafin hannu na malamai da za a gwada da shi. Hawa zuwa 24.04 kuma mun ɗage shi sai dogon hutu, tunda 22.04 yana da kulawa har 2027, kuma ba za a fara ba sai an sa sababbin batira, an cire duk abin da ya fito daga rumbun waje, an ɗauki hoton faifai. Hajiya da Malam sun amince a gayyaci masu kula da kwamfutocin makarantun unguwa su zo su kalli yadda ake yi a ranar, don haka duk mai so ya yi mini magana a ofis in rubuta sunansa.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira, ya jiƙan iyayenku. Amin.

Wassalamu alaikum.