Asabar ɗin da na rage wa falona kaya

Yau hazo ya sauko sosai, tun da asuba ba a hango darbejiyar ƙofar gida da kyau. Da gari ya waye na leƙa falo, sai na tarar teburin gilashin da na goge jiya bayan magariba ya sake yin fari fat, har autana ya samu wurin zana mota da yatsa a kai. Na ɗauko tsumma, amma kafin na fara sai na tsaya ina ƙirga abin da ke jirana: shogilas cike da kofuna da farantan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, fulawar roba huɗu, ƙananan tebura uku, agogon bango biyu (ɗaya ya tsaya tun bara), filillika goma sha biyu, ga labule mai ninki uku wanda ƙura ta mayar gidanta. Kujeru kuwa saiti ne mai cin mutum bakwai, ga wasu biyu da aka ƙaro daga baya. Duk wannan a falon da bai wuce mita 4 da 5 ba.

Na ce wa yara yau ba gugar sama-sama za mu yi ba, komai tsakar gida za a kai shi. Mun kusa awa biyu muna jida. Da muka naɗe kafet, ƙasar da ta fito daga ƙarƙashinsa ta cika abin kwasar shara har sau biyu, nan na gane dalilin atishawar da babbar 'yata ke yi kullum da safe. Muka wanke tayil, muka buɗe tagogi. Wajen ƙarfe goma na shimfiɗa darduma a tsakiyar falon na yi walaha. Ina sallamewa ya faɗo mini a rai cewa shekara tara ke nan ina gidan nan, ban taɓa yin salla a falona ba sai na ture tebur tukuna. Abin ya tsaya mini a rai, na daɗe zaune a wurin.

Ina nan sai ga ƙanwata ta yi sallama. Bikinta bayan ƙaramar salla ne, kwanakin nan ba ta da zance sai na jere. Ta ja ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, lafiya? Tashi za ku yi?" Na ce ta shigo ta zauna, ga tabarma. Ta fito da waya, hotunan falo sun fi ɗari a ciki, ta ce wallahi kanta ya ɗaure, kowanne ta gani sai ta ji shi take so.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko irin na mutanen Suwidin ne: farin bango, katako mai haske, kujera ɗaya doguwa, taga ba labule mai nauyi. Na gaya mata su da dalilinsu. A Stockholm, babban birninsu, cikin watan Disamba, hasken rana na wajen awa shida ne kacal a wuni, shi ya sa suke farauto haske da farin fenti da buɗaɗɗiyar taga. Mu a Kano rana ta ishe mu har ta yi yawa, farar kujera kuma ba za ta kai sati da farinta ba cikin hunturu. Na biyu na Japan ne, inda suke shimfiɗa tabarmarsu da suke kira tatami, tsawonta kusan mita 1.8, faɗinta rabin haka, har da yawan tabarmin ake faɗin girman ɗaki, a ce ɗaki mai shida ko mai takwas. Tebur ɗaya gajere a tsakiya, a cire takalmi a bakin ƙofa, shi ke nan. Ta yi dariya ta ce ai wannan zauren Malam ne, kuma ban ga laifin maganarta ba. Sai majalisin Larabawa, katifu da matasai a bin bango, irin wanda na zauna a kai a wani gida a Madina lokacin da muka je Umara. Mun kai mu ashirin a ɗakin ranar, babu wadda ta takura, aka shimfiɗa leda a tsakiya aka ci abinci, aka naɗe, wuri ya koma yadda yake. Na Maroko ma haka yake, ga ado kamar me a jikin bango da matasai, amma mazaunin a jikin bango yake zagaye, tsakiya sai ɗan tebur mai da'ira na shayi.

Ni ce na fara lura, na ce mata ta sake dubawa da kyau. Hotunan da suka fi kwanta mata a rai, ko na wace ƙasa ne, tsakiyar ɗakin a buɗe take, launin bai wuce biyu ko uku ba, kuma ido na da abu guda da zai sauka a kai. Waɗanda take wucewa da sauri su ne masu kujerun ruwan gwal da fitilu reras a silin da tebur a kowace kusurwa, wato irin falon da na fitar da kayansa yau da safe.

Bayan azahar Goggo ta biyo ta hanyarta ta zuwa barka. Da ta ga kaya a tsakar gida ba ta ce komai ba sai da ta sha ruwa. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kin san dai da guminsa mahaifinku ya yi miki kayan nan. Idan dangin miji suka shigo suka ga falo wayam, cewa za a yi an sayar." Maganar ta taɓa ni, don gaskiya ce. Kayan ɗaki a wurinmu mutuncin iyaye ne, na kuma san irin tarin da mahaifiyarmu ta yi, adashi bayan adashi, kafin a cika shogilas ɗin nan. Ba zan taɓa kallonsu a matsayin tarkace ba.

Sai na tambaye ta ɗakin kakarmu na cikin birni, yaya yake a da. Nan fa Goggo ta saki jiki. Ta ce jeren tasoshi da kwanukan sha tun daga ƙasa har kusa da azara, kowanne an goge shi da toka yana walƙiya, ga fayafayai masu launi a rataye. Na ce to ƙasan fa? Ta ce ƙasa ai daɓe ne sumul, sai gado a gefe, tabarma a naɗe a jingine, randa a lungu, in an yi baƙi a warware tabarma mata goma su zauna. Tana faɗa ta yi shiru, ta dubi falon, ta dube ni. Ashe su ma adon bango suke hawar da shi, su bar wa mutane ƙasa. Mu ne muka sauko da jeren tsakiyar ɗaki, muka ce baƙo ya san yadda zai bi ta gefe.

A ƙarshe dai ga yadda muka yi, Goggo na zaune tana ba da umarni. Doguwar kujera mai cin uku da mai cin biyu suka koma jikin bango. Masu ɗai-ɗai guda biyu suka tsaya kusa da taga. Ƙarin biyun nan na ba ƙanwata, dama ɗakin baƙinta ba shi da mazauni. Shogilas ya koma wurin cin abinci, kuma na yi alkawari daga yau da farantan cikinsa za a riƙa zuba wa baƙi. Teburin gilashi ya tafi sito, fulawoyin roba kuma maƙwabciyata ta ce tana so. A cikin siton na ci karo da tumtum biyu na jar fata da maigida ya sayo a Kasuwar Kurmi shekarun baya, ko leda ba a cire musu ba saboda babu inda za a ajiye su. Kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har yau dukawa na ɗinka irinsu, amma ni na bar nawa a duhu ina neman ado a hotunan wasu ƙasashe. Na shafa musu ɗan mai, jan ya fito.

Bango ɗaya kawai na yi wa ado. Ina da wani zane na marinar Ƙofar Mata, baƙin shuɗi mai zagaye-zagayen fari, na ɗaure shi a sanda na rataye. A ƙarƙashinsa na ajiye tasa guda ta jan ƙarfe, wadda Goggo ta ce daga cikin jeren kakarmu ta fito. Sauran bangon uku na bar su haka nan. Na kunna garwashi a kasko na zuba turaren wuta, ƙamshin ya zagaya ko'ina, babu labule mai kauri da zai shanye shi.

Da maigida ya dawo daga sallar isha'i ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ikon Allah, dama falon nan yana da girma haka?" Ya tarar da mu mun yi sahu, ni da ƙanwata da 'yan matana biyu, mun idar da tamu sallar a inda tebur yake da. Ya zauna a kan tumtum aka kawo tuwo, yara suka baje a ƙasa da littattafansu.

Labulen ne ban yanke shawara a kai ba. Na cire ninki biyu na bar ɗaya, amma da dare ana ɗan hango hasken falo daga waje, kuma ba na son haka. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan shiga Kantin Kwari in duba yadi mai ɗan kauri, launin ƙasa, wanda zan iya cirewa in wanke da hannuna. Ƙanwata ta ce za ta raka ni, ta kuma goge fiye da rabin hotunan wayarta kafin ta tafi.