Girgizar ƙasa mai maimaita kanta: abin da Parkfield ta nuna mini

Na zaɓi Parkfield a Kalifoniya ne domin in gwada Requake, manhajar da ke zaƙulo girgizar ƙasa masu maimaita kansu, a wurin da masana suka riga suka san amsa. A can tsagin ƙasa na San Andreas yana zamewa a hankali, amma akwai 'yan gurabe da ke maƙalewa, su tara nauyi, su ɓalle, su sake maƙalewa. Duk lokacin da gurbi ɗaya ya ɓalle, zanen da na'urar auna girgiza ke fitarwa kusan iri ɗaya ne da na baya.

Saka manhajar da janyo bayanai daga rumbun bayanan girgizar ƙasa na Berkeley bai ba ni wahala ba. Na buga umarnin scan_catalog mai kwatanta zanen girgiza da juna, na bar kwamfuta tana aiki har gari ya waye, sannan build_families mai tara masu kama da juna a dangi ɗaya. Ma'aunin kamanni na sa shi 0.95, tashar auna girgiza ɗaya, na kuma tace siginar a zango na ƙasa, wato na dogayen igiyoyi.

Da na buɗe plot_families, mai nuna zanen kowane dangi, sai ga wani babban dangi, layuka jere kamar an buga su da hatimi ɗaya. Na yi murna ƙwarai. Amma tazarar lokacin ta ƙi zama: wani zubin shekaru, wani zubin 'yan sa'o'i, kuma tun kafin babbar girgizar 2004. Gurbi ɗaya ba ya sake tara nauyi cikin sa'o'i haka kawai.

Ashe dangi biyu ne suka cakuɗe, waɗanda masu aikin rijiyar bincike ta SAFOD, da aka haƙa cikin tsagin kusa da Parkfield, ke kira San Francisco da Los Angeles. Girman girgizarsu wajen maki 2 ne, tsakaninsu kuma bai kai mita 100 ba. Dogon zangon igiya ba ya iya raba maƙwabta irin waɗannan, sai ya nuna su abu ɗaya. Wannan 0.95 ɗin har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin lamba ce mai kwantar da hankali, alhali kamanni kawai take aunawa, ba ta ce wuri ɗaya ne ya fashe ba.

Sai da na ɗaga zangon tacewa zuwa na gajerun igiyoyi, na maimaita aikin a wasu tashoshi, na kuma bi tazarar isowar igiyar P (mai fara isowa) da ta S (mai biyo bayanta) da idona, sannan suka rabu. Daga nan ne labarin ya fito fili: kusan shekara uku tsakanin kowace girgiza, sai girgizar 28 ga Satumba 2004 mai maki 6.0 ta zo, suka riƙa maimaituwa a jere cikin kwanaki da makonni, tazarar tana ƙaruwa sannu a hankali.

Duk mai shirin lissafa saurin zamewar tsagi da irin waɗannan dangogi, ya fara duba plot_timespans, mai nuna lokutan girgizar kowane dangi, tukuna. In ka ga 'yan dangi ɗaya sun biyo juna cikin sa'o'i ba tare da wata babbar girgiza a kusa ba, kada ka shigar da su lissafi sai ka gwada su a wata tashar, domin dangin da ya cakuɗe zai iya ninka maka sakamakon.