Laraba, a gonar bakin rafi

Bayan sallar asuba ban koma barci ba. Tun jiya da daddare Kawu ya aiko yaro ya ce in leƙa masarata ta bakin rafi, ya ga ganyenta ya fara huje-huje. Kwana 24 ke nan da shuka, ta kai gwiwa, ga takin da na zuba ya kama ta ta yi shar. Daga nesa babu wanda zai ce akwai matsala.

Sai da na durƙusa na buɗe kan wata, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, sannan gabana ya faɗi. Cike yake da kashin tsutsa, jiƙaƙƙe, kamar dusa. Na sa tsinke na tono ta, ta naɗe a tafin hannuna. Ga alamar nan a kanta kamar harafin Y a kife, ga ɗigo huɗu baƙaƙe a kusa da wutsiya. Ita ce dai, tsutsar masarar nan da ta taso daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Najeriya a farkon 2016. Kafin nan ba mu san irin wannan ɓarna a damina ba.

Na bi kunya-kunya ina ƙirga. A cikin kowace ashirin sai in sami biyar ko shida da ta taɓa. A bayan wani ganye na ga ƙwai a dunƙule, an lulluɓe su da wani abu kamar auduga mai toka-toka. Malamin gona ya taɓa ce mana dunƙule ɗaya kan kai ƙwai 100 zuwa 200, uwar kuma, mai fukafukai kamar malam-buɗe-littafi, da dare take yawo, iska na ɗaukarta tafiya mai nisa. Na murje su da yatsa.

Wajen ƙarfe tara Kawu ya iso da bokitin toka gauraye da yashi.

"Ɗana, kada ka yi feshi da rana," in ji shi. "Yanzu tana can ciki a ɓoye, maganin zai bushe a ganye kawai."

"To Kawu, tokar fa?"

"Ka zuba mata a ka. Idan ba ta kashe duka ba, za ta rage."

Muka kama aiki, ni da shi da ƙannena biyu, kowa yana ɗiba da yatsu uku yana zubawa a cikin kan masara. Aiki ne mai karya baya, kuma kafin azahar ko rabin gonar ba mu kai ba. Abin da ya faranta mini rai shi ne gefen da ke kusa da darbejiya, inda tsuntsaye ke sauka kuma cinnaku suka yi yawa. Can ɓarnar ba ta kai ta tsakiyar gona ba. Na ga wani zanzaro ya ja ƙaramar tsutsa ya tafi da ita. Shi ya sa ba na son irin feshin nan na kan mai uwa da wabi, wanda ke kashe mai ɓarna da mai taimako gaba ɗaya.

Duk da haka da la'asar na shiga kasuwa na sayo maganin ƙwarin da ake kira emamectin benzoate. Bara wani mai shago ya sayar mini da maganin da ya daɗe da lalacewa, na yi feshi sau biyu a banza, don haka yau sai da na karanta kwanan watan da ke jikin ledar. Rana na sanyi na goya injin feshi, na ɗaure hanci da baki, na riƙa saita bakinsa cikin kan kowace masara. Tsakiyar gonar kaɗai na yi wa. Gefen darbejiya na bar shi da toka.

Na dawo ana kiran magariba, na wanke jiki da sabulu kafin in taɓa tuwo. Umma ta tambaye ni ko za a samu. Na ce mata in sha Allahu, tunda ba ta yi bunni ba tukuna. Ranar Asabar da sassafe zan koma in sake buɗe kawunan in gani.