Kafin a ce na'urar auna girgiza ta mutu

Abin da aikin auna girgizar injuna a Garwa ya fi koya mini shi ne, yawancin na'urorin da ake jefawa cikin kwali da sunan sun mutu lafiyarsu ƙalau. Wutar da suke bukata ce ba a ba su ba.

Wadda ake ɗaura wa boris ɗin manyan injuna galibi nau'in IEPE ce, wato mai ƙaramin amfilifaya a cikinta. Waya ɗaya gare ta mai kan BNC, wato kan jonawa da ake murɗawa ya kulle, ta nan wuta ke shiga, ta nan kuma sigina ke fita. Tana son kuran, wato kwararar wuta, tsayayye, miliamfiya 2 zuwa 20, an fi ba ta 4, daga tushe mai volt 18 zuwa 30. Akwatin tattara bayanai irin NI 9234 yana ba da wannan da kansa, amma sai an kunna a cikin manhaja. Ƙananan akwatuna irin USB-6009 ba su da shi sam, dole a sa musu akwatin ba da kuran a tsakani.

Nan ake cin amanar yara masu koyo. Shef, wato shugaban aiki, ya ce a jona kai tsaye ba tare da kuran ba, lokaci na ƙurewa. Allo kuwa ba ya zama shiru, zai nuna layi yana rawa, sai a ɗauka injin ake gani, alhali hayaniyar wutar gari ce ta hertz 50 da wayar ta kwaso. Ran da boris ya fashe, sai a ce yaron ne ya ƙona na'ura, har a zaftare masa albashi. Wanda ya ba da umarnin ko tambayarsa ba a yi. Har yau abin na ci mini rai, domin gwajin da zai wanke yaron bai kai minti ɗaya ba.

A sa mahaɗar T a kan BNC, a kunna kuran, a auna da mita a DC. Volt 8 zuwa 12, na'ura na da rai. In ya haura zuwa wajen 24, waya ta tsinke ko kai bai zauna ba. In ya faɗi kusa da sifili, wayoyin ciki sun haɗu, sau da yawa a inda aka take ta ko zafin injin ya narkar da roba. Kada kuwa a kuskura a jona mata batir kai tsaye don a gwada. Ba abin da zai iyakance kuran, a take za ta ƙone da gaske.

Wancan volt 8 zuwa 12 ɗin yana nan ƙarƙashin sigina kullum, shi ya sa ake zaɓar shigar AC, a jira ƴan daƙiƙoƙi layin ya lafa kafin a fara ɗauka. Na'ura mai milivolt 100 kan kowane g, wato ma'aunin girgiza daidai da jan nauyin ƙasa, tana kaiwa g 50. A shigar da adadin da ke takardar gwajinta, ba na kwalin wata ba.

Akwai kuma ADXL335, ƙaramar na'urar auna girgiza da ɗalibai kan riƙe saboda arha. Ita volt 1.8 zuwa 3.6 take ci, volt 5 na akwatin ya fi ƙarfinta. Bakin fitarta na da kilo-om 32, shigar USB-6009 kuwa 144 ce kawai, sigina zai ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari in ba a sa amfilifaya a tsakani ba. A gwada ta da nauyin ƙasa: a miƙe, a kife, bambancin g 2 ne.

Wajen ɗaura na'ura kuwa, noti ya fi gam, gam ya fi maganaɗisu. A goge ƙurar hunturu da fenti kafin a ɗaura. Kada wayar sigina ta bi hanya ɗaya da ta wutar injin. In hayaniyar hertz 50 ta ƙi ɓacewa, a cire cajar kwamfuta a gani, musamman ranar da ake kan janareta, sannan a sa matashi mai raba na'urar da jikin ƙarfe. Saurin ɗauka ya ninka hertz ɗin girgizar da ake nema sau 2.56 aƙalla.

Kai ɗan koyo, duk ranar da ka jona, ka rubuta volt ɗin da mita ta nuna, da kwanan wata, da sunan wanda ya ce a jona haka, a littafinka na kanka, ba na ofis ba.